Tagumin Kawu Safiyanu

Ranar da Munzali ya ɗauki hoton, babu abin da ke damun Kawu Safiyanu sai haƙori. Na can ciki ne, gefen hagu, kwana uku yana yi masa zugi. Ya cusa kanumfari a wurin, ya dafe kunci da tafin hannu, ya zauna a gindin rumbu yana jiran yaɓe ya sha iska. Wannan shi ne tagumin da daga baya dubban mutane suka zubar wa hawaye.

Munzali ɗan ƙanwar Kawu ne. Mai hoto ne a Birnin Kudu, yana da ɗan shago kusa da tasha inda yake ɗaukar fasfo da hotunan biki da na suna. Da wannan yake ci, amma ba ya ƙaunarsa. Ya gaji da cewa a matso, a gyara hula, a kalli nan. Abin da ransa ke so shi ne hoton da ba a shirya masa ba. Yakan gaya wa duk wanda ya zauna a bencin shagonsa cewa hoton da ya faɗi komai mataccen hoto ne, mai rai shi ne wanda ya bar wa mai kallo gurbi ya cike da kansa. Saboda haka bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya a ƙarƙashin hoton da ya ɗora a Fesbuk ba. Yana ganin yin haka raina masu kallo ne.

Ya je Gwaram gaida mahaifiyarsa, ta ce ya ƙarasa Sara ya duba yayanta, ta ji an ce ba ya iya tauna tuwo. Ruwa ya ɗauke a lokacin, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka. A irin wannan lokacin Kawu yake gyaran rumbu duk shekara. Sai ya ɗage jinkar, ya kwashe tsohuwar dawa ya jibge a tsakar gida, ya share cikin tas, ya toshe ramukan ɓera, ya yaɓe da sabuwar ƙasa, ya bar shi buɗe rana ta dake shi kwana biyu. Shi da matarsa Inna Hapsatu kaɗai ke wannan aikin, ba ya gayyato kowa, don ba ya son idon wani a kan hatsinsa.

Da ya ga Munzali ya ciro kyamara, sai ya ce, hannu na kan kunci, «Ɗauki duk abin da ka ga dama, ban da hatsina.»

Munzali ya san dokar tun yana ƙarami. A gidan nan ba a nuna hatsi, ba a faɗar yawansa, ko ɗan cikinsa bai san dami nawa ke rumbun ba. Wasu na cewa tsoron baki ne. Kawu kuwa cewa yake maƙwabcin da gonarsa ba ta yi ba, bai kamata ya kwana yana tunanin abin da ke bayan katangar wani ba.

Munzali ya hau tsani ya ɗauka daga sama. Bakin rumbu ya fito, cikinsa fayau sai tsintsiya a yashe, ga dattijo a ƙasa ya yi tagumi, takalminsa ɗaya ya kife. A gefen dama tulin dawar ya shigo, ya kusa kai kan katanga. Da ya koma shago ya buɗe kwamfuta sai ya yanke gefen, kamar yadda aka umarce shi. Yana yankewa ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Bai taɓa ɗaukar hoto mai nauyin wannan ba. Ya rage masa launi kaɗan, ya ɗora, bai rubuta komai ba.

Kwana biyu abokansa na yaba haske da inuwa. A na uku wani mai shafi a birni, wanda ke da mabiya da yawa, ya ɗauki hoton bai nemi izini ba, ya rubuta a sama cewa ga wani dattijo a ƙasar Gwaram, rumbu babu ko ƙwaya, ina 'ya'yansa?

Daga nan kowa ya zo da nasa. Wani ya ce ambaliya ce ta cinye gonar. Wata ta ce ta ƙara girman hoton ta ga hawaye a idonsa, alhali idon ma ba ya fitowa sosai. Wani ya ce takalmin nan da ya kife ya isa shaida, mutumin ya kwana biyu bai ci ba har ba shi da ƙarfin gyara shi. Kafin la'asar wani ya gane fuskar, ya rubuta sunan, ya ƙara da cewa ai ɗansa Zulkifli ma'aikaci ne a Gwaram. Nan take aka saya wa Zulkifli mota, aka gina masa gidan sama, aka aura masa mace mai hana shi aika wa ubansa abinci. Zulkiflin da babur ɗinsa sai an tura yake tashi.

Munzali ya zauna yana karantawa, ransa na tafasa. Mutanen da ba su taɓa taka Sara ba, waɗanda ba su san ana ɗage jinkar rumbu ba, su ne ke rantsuwa da Allah a kan abin da ba su gani ba. Ya rubuta musu bayani mai tsawo, ya ce gyaran rumbu ne, ya ce haƙori ne. Aka yi masa dariya. Wani ya ce haka dangi suke, in asiri ya tonu sai su ce haƙori. Bayaninsa ya nutse a ƙarƙashin addu'o'i da tsinuwa.

Washegari Zulkifli ya faka babur a ƙofar shagon. Shi da Munzali taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya. In ya shigo yakan ce ina mai satar fuskokin mutane, Munzali ya ce ga mai ɗumama kujerar gwamnati. Ranar nan sallama ya yi, cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo, ya ƙi zama. Ya ce a ofis an daina magana in ya shiga. Ya ce mai shayin da yake zama wurinsa shekara shida ya miƙo masa kofi yana kallon gefe. Ya ce matarsa ta rufe wayarta, don mata na kiranta suna yi mata wa'azi.

«Ni ban rubuta komai ba,» in ji Munzali.

«Na sani. Abin da ya kawo ni ke nan.»

Ya fita, ya tura babur ɗinsa har ya tashi, bai waiwayo ba.

Ranar Asabar Inna Hapsatu ta kira Munzali ta ce ya zo ya ga abin da ya jawo. Ya tarar da farar mota a ƙofar gida. Wata ƙungiyar taimako ce daga Birnin Kudu, shugabarsu Hajiya Munawwara, mace mai fara'a wadda da gani zuciya ɗaya ta zo. Sun sauke buhun shinkafa biyu da katan na taliya da galan ɗin mai, 'yan rakiyarta uku kowa ya ɗaga waya. Kawu ya fito da babbar riga, ya sa an shimfiɗa musu tabarma a zaure, an kawo fura. Ya yi godiya, ya ce Allah ya saka, amma shi alhamdulillahi yana cikin rufin asiri, a kai wa mabukata.

Hajiya ta juya ga 'yan rakiyarta, idonta ya ciko. Ta ce su gani ko, haka masu mutunci suke, yunwa na cinsu ba za su faɗa ba, irinsu ne ma aka fi samun lada a kansu.

Munzali ya ga jijiyar wuyan Kawu ta motsa. Dattijon ya sake cewa ba ya bukata. Hajiya ta ce ta fahimta, Baba, ba sai ya ce komai ba. Duk musun da ya yi sai ya zama ƙarin hujja. Baƙi ne, kuma mace ce a gabansa, ba zai ɗaga murya ba, ba zai kuma ce su shigo su ga inda dawar take ba. Suka tsayar da shi a gefen buhunan suka ɗauki hoto, suka tafi suna jin daɗi. Daga cikin gida ana jiyo Inna tana buga tukwane, tana cewa shekara arba'in da aure ba ta taɓa dafa hatsin da ba na gonar mijinta ba, yau ga taliya a zaurenta kamar gidan makoki.

Da a nan abin ya tsaya, da Kawu ya shanye. Mutanen waya ba su san shi ba, shi ma bai san su ba. Amma motar nan kowa a Sara ya gan ta, hoton kuma ya zaga wayoyin samarin gari. Mutanen da suka san shi tun yana saurayi suka fara haɗa nasu labarin. Aka tuna bara ya kai Inna aikin ido, wa ya san abin da ya sayar? Aka tuna ya rame kwanan nan. Aka ce dama mutum ne mai zurfin ciki, ko gidansa na cin wuta ba zai kira kowa ba. Babu wanda ya taɓa ganin cikin rumbun nan sai yanzu, kuma ga shi an gani, babu komai.

Akwai wata maƙwabciyarsu, Juwairiyya, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Shekara biyar ke nan duk Laraba takan shigo wurin Inna da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, ta fita da ita cike, ba wanda ke cewa komai. Larabar nan ta shigo da ƙwaryar a cike da geronta, ta ajiye a bakin ɗaki, ta fita da sauri kafin a yi mata magana.

Sannan Malam Sabo, limamin gari, abokin Kawu tun suna kiwon awaki, ya ja shi gefe bayan sallar azahar. Ya ce masa a hankali kada ya damu da fitar da zakka bana, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Ya ce in mutane sun kawo tasu zai ware masa kaso, ba wanda zai ji, shi da kansa zai kawo.

Kawu bai ci abinci ba ranar, kuma ba haƙori ne ya hana shi ba, don an riga an cire shi a Gwaram.

Munzali ya wanko cikakken hoton, babba, wanda tulin dawar ke ciki, ya hau babur ya kawo. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Kawu. Ya ce minti ɗaya ya isa, in ya ɗora wannan duk bakin da ya buɗe zai rufe, Zulkifli zai iya shiga ofis, Liman zai ji kunya. Ya yi ta zuba, yana zagin mai shafin, yana zagin jahilcin masu kallo, mutanen da ba su iya kallon hoto ba sai sun cusa masa ƙarya.

Kawu ya daɗe yana duban hoton, sannan ya kife shi a kan tabarma.

«Wato don in wanke kaina sai in tuɓe a kasuwa? Juwairiyya ta ga abin da nake da shi, ta auna da abin da nake ba ta?»

Munzali ya ce to ai babu wata hanya.

«Tsaya tukuna. Kana ta zagin mutane. Da ka yanke hatsin, kai me ka gani ya rage?»

Munzali ya dubi hoton da ke kife a kan tabarma, Kawu ya ci gaba.

«Ni na ce ka cire hatsi. Ban ce ka cire haƙori ba. Ka san abin da ke damuna, kai ka sayo mini maganin. Layi ɗaya ya gagare ka? Ka ga tsoho ya yi kyau a cikin wahala, ka bar shi a ciki.»

Bai ɗaga murya ba, Munzali kuwa ya ji da ma marinsa ya yi. Ya tuna yadda tsigar jikinsa ta tashi a gaban kwamfuta, ya tuna launin da ya rage da hannunsa. Gurbin da yake alfahari da bar wa mai kallo, ashe ya riga ya gyara bakinsa yadda abu ɗaya ne kawai zai shiga. Ya naɗe hoton ya mayar jaka. A hanyar komawa fushin bai ragu ba, sai dai yanzu ya rasa inda zai ajiye shi.

Mako uku ana cikin haka, har aka yanke dawa. Kawu na zuwa masallaci, ana gaishe shi da wata irin murya mai laushi da ake yi wa marar lafiya. Buhunan shinkafa na nan a zaure inda aka sauke su, Inna ta hana ko kaza ta matsa kusa.

A al'adarsa, zakka a ɓoye yake fitarwa. Cikin kowane dami goma ya ware ɗaya, ya bi gidaje da kansa a kwanaki daban-daban, dami ɗaya nan, biyu can, har ta ƙare ba wanda ya san jimillarta. Bana sai ya aika a kira Zulkifli da Munzali ranar Juma'a, ya ce Munzali ya zo da kyamararsa. Suka tarar ya ɗaura wa shanunsa amalanke a ƙofar gida. Su uku suka yi ta fito da dammunan da ya ware suna lodawa, har amalanken ya yi tozo. Ya sa aka ɗora shinkafar da taliyar da man a sama, aka ɗaure da igiya. Fuskarsa a murtuke take, kamar wanda za a yi wa kaciya da girma. Ya ce wa Munzali ya ɗauki amalanken a nan bakin ƙofa, amma kada fuskarsa ta fito, ya gama ba da aron fuskarsa.

Ana sallame Juma'a, mutane na neman takalma, amalanken ya biyo ta gaban masallaci a hankali, Zulkifli na jan shanun, Kawu na biye. Munzali na ganin leɓuna na motsi. Manoma ne, kowa ya san ɗaya cikin goma ake fitarwa, kowa ya ƙirga abin da ke kan amalanken ya cike sauran da kansa. Rumbun na can a rufe da jinkarsa, ba wanda ya leƙa.

Suka tsaya a ƙofar Liman. Malam Sabo ya fito ya dubi lodin, ya dubi abokinsa, ya sunkuyar da kai.

«Ga ta bana, Malam,» in ji Kawu. «Ka ce za ka raba ba wanda zai ji, to raba. Waɗannan buhunan na sama kuma baƙi ne suka yi ɓatan hanya, a nuna musu gidan da suka nufa.»

Liman ya ce, Safiyanu, ka yafe mini. Kawu ya ce ba komai, amma shekara sittin suna tare, da ya tambaye shi kafin ya tambayi waya. Suka juyo gida. Sai da suka shiga zaure Kawu ya ce yau ya yi abin da ubansa bai taɓa yi ba, ya yi tallan ibada a bakin masallaci, Allah ya yafe masa, ya kuma yafe wa wanda ya sa shi. Zulkifli ya kalli Munzali ya ce a yi masa addu'a da suna mana, mai yankan dawa da kwamfuta. Rabon da ya tsokane shi tun kafin hoton.

Da yamma Munzali ya ɗora hoton amalanken. A karo na farko a rayuwarsa ya yi rubutu a ƙasa: zakkar Malam Safiyanu ta bana tana fita daga gidansa. Ya karanta layin sau uku, ya tabbata bai bar wa kowa gurbi ba.

Kafin azahar ɗin washegari mai shafin nan ya ɗauke hoton, ya bar layin a baya. Ya rubuta nasa: alhamdulillahi, taimakonku ya isa gidan dattijon Gwaram, ga hatsi ga shinkafa. Dubban mutane suka yi kabbara. Aka yi ta yi wa juna barka, wasu na cewa da ba a yi magana ba da tsohon ya mutu, wasu na cewa ko yanzu ɗan bai ji kunya ba. Munzali ya bi bayanan ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa ya ga wani mutum daga Yalwan Damai ya rubuta cewa jama'a su dubi inda shanun suka fuskanta mana, wa ke kawo kaya gida shanu na kallon hanya? Ba wanda ya amsa masa.

Ranar Laraba ya je Sara da wayar a hannu, ya karanta wa Kawu duka, har da na mutumin Yalwan Damai. Ya ce zai nemi lambar mai shafin, zai kai ƙara, zai yi bidiyo, ba zai bari ba. Kawu na zaune yana gyaran igiyar shanu, yana tauna goro ta gefen dama. Ya tambaya ko a cikin masu kabbarar nan akwai wanda zai zo jana'izarsa. Munzali ya ce babu. Kawu ya ce to waɗanda za su zo sun ga inda shanun suka nufa.

Munzali bai gamsu ba, ya buɗe baki zai ci gaba, sai aka yi sallama a ƙofar zaure. Juwairiyya ce. Ta gaishe su a durƙushe, ba ta ɗago ba, ta wuce ciki wurin Inna. Mayafinta ya ɗan zame a gefe, Munzali ya hango ƙwaryar, babu komai a cikinta.

Kawu ya ajiye igiyar ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki tsanin hawa rumbu da ke jingine a bango. Munzali ya tashi zai kama masa.

«Zo ka riƙe mini,» in ji Kawu. «Amma ka bar wannan abar a zaure.»

Munzali ya cire kyamarar daga wuyansa, ya ajiye ta a kan tabarma, ya bi shi ciki.